Babi na 5: Iska Ce Mai Yanke Hukunci

Kowace shekara a watan Agusta, tsakiyar lokacin zafi na ƙasar Ingila, birnin Bristol kan yi bikin tashin balan-balan mai ɗaukar mutane, irin wadda ake hura wa wuta daga ƙasa har iskar cikinta ta yi zafi ta ɗaga. Ana yin bikin a babban filin Ashton Court da ke gefen birnin, tun shekarar 1979 da aka fara da balan-balan 27. Yau adadinsu kan haura ɗari, shiga kyauta ce, jama'a kuma kan yi dafifi daga ko'ina. Tsarin bikin sananne ne: tashi ɗaya wajen ƙarfe shida na safe, ɗaya wajen shida na yamma. Amma duk wanda ya saba zuwa ya san wannan jadawali na takarda ne kawai. Sau da yawa mutane kan yi sammako da yaransu, su shimfiɗa barguna a kan ciyawa, sama garau babu ko ɗigon ruwa, sai a sanar cewa yau ba tashi. A shekarar 2019 ma sai da iska mai ƙarfi ta sa aka rufe filin a wasu ranakun bikin. 'Yan kallo kan koma gida suna ƙorafi, wasu na cewa masu shiryawa sun gaza, wasu na cewa matuƙa sun cika tsoro. Ra'ayina a wannan babi shi ne ƙorafin nan ya ginu kan rashin fahimtar abin da ake kallo. Yanayi shi ne injin balan-balan, shi ne sitiyarinta, shi ne kuma birkinta, don haka sanin ranar da ba a tashi yana cikin sana'ar kanta, kuma bikin da ke yawan soke tashi ya fi cancantar a amince da shi fiye da wanda ba ya sokewa.

Dole a fara da abin da ke ɗaga ta. Iska tana da nauyi, ko da ba mu ji. A bakin teku, idan zafin gari ya kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, kubik mita ɗaya na iska kan yi kusan kilo 1.22. Idan aka ɗumama wannan iska zuwa digiri 100, sai ta buɗe, nauyin kubik mita ɗaya ya koma kusan kilo 0.95. Ɗan bambancin nan, wajen giram 280, shi ne duk ƙarfin da balan-balan ta mallaka. Matsakaiciyar balan-balan ta wasa tana cin iska kusan kubik mita 2,200, wato ke nan tana iya ɗaga kilo 600 da 'yan kai, kuma a cikin wannan ne za a cire nauyin ƙyallen, da kwandon, da murhun, da tukwanen gas, abin da ya rage shi ne na mutane. To, a bar komai yadda yake, a ɗaga zafin gari zuwa digiri 35. Iskar waje ta yi sauƙi, bambancin ya ragu zuwa giram 200, ƙarfin ɗagawa ya faɗo zuwa kusan kilo 440. An yi asarar nauyin manya biyu ba tare da an taɓa ko igiya ɗaya ba. Mai karatu zai ce ai sai a ƙara wuta. Ba ta yiwuwa yadda ake so, domin ƙyallen nailan ne, kuma masu ƙera shi sun ƙayyade zafinsa a wajen digiri 120. Wanda ya riƙa matsa wa wannan iyaka yana cinye ƙarfin ƙyallensa ne a hankali, har ranar da zai yage. Saboda haka matuƙi kan duba zafin gari da tudun wurin da zai tashi kafin ya san mutum nawa zai ɗauka, kuma fasinjan da aka ce ya jira ranar da gari ya yi zafi ba wulaƙanta shi aka yi ba.

Wannan lissafi mai sauƙi ne, ana yin sa a takarda. Abin da ya fi wuya shi ne motsin iska. Balan-balan ba ta da farfela, ba ta da fiffike. Matuƙi yana da iko a kan hawa da sauka kawai: ya buɗe murhu ta hau, ya ja igiya ya buɗe ƙofar da ke ƙololuwar ƙyallen zafi ya fita ta sauko. Ko wannan ikon ma ba nan take yake aiki ba, domin iskar da ke cikin ƙyallen kaɗai ta kai tan biyu, kuma abu mai wannan nauyi ba ya juyawa da gaggawa. Sai an hura wuta an jira 'yan daƙiƙoƙi kafin a ga amsa. Gabas ko yamma kuwa, kudu ko arewa, balan-balan tafiya take kamar ƙwarya a kan kogi, inda ruwa ya nufa can ta nufa. Sai dai iska hawa-hawa ce. Wadda ke kusa da ƙasa tana gogar itatuwa da gine-gine da tuddai, sai ta rage gudu ta karkata. Wadda ke sama da ita da 'yan ɗaruruwan mitoci ta fi gudu, kuma a arewacin duniya galibi tana karkata zuwa dama. Gwanin matuƙi da wannan yake tuƙi. Yana son dama, ya hau. Yana son hagu, ya sauko. Kafin a tashi akan saki wata 'yar ƙaramar balan-balan mai gas mara nauyi, matuƙa su tsaya suna bin ta da ido don su ga inda kowane hawa na iska ya dosa. A sama kuma wasu kan tofa yawu ko su saki kumfar aski su ga inda za ta karkata, don su san halin iskar da ke ƙarƙashinsu. Abin yana da ban dariya a ido, amma aiki yake.

Inda tuƙi da hawa-hawan iska ya fi fitowa fili shi ne birnin Albuquerque na jihar New Mexico a Amurka, wanda bikinsa ya fara a 1972 da balan-balan 13, ya kuma zama mafi girma a duniya. A watan Oktoba ake yin sa, ba a lokacin zafi ba, kuma dalilin zaɓen watan ya shafi maganarmu. Da asuba iska mai sanyi kan gangaro kwarin kogin Rio Grande daga arewa zuwa kudu, a samanta kuma wata iskar na tafiya daga kudu zuwa arewa. Idan aka yi dace da irin wannan safiya, matuƙi kan tashi ya bi ta ƙasa zuwa kudu, ya hau ya kama ta sama ta dawo da shi arewa, ya sauka kusa da inda ya tashi. Har ma tafiyar balan-balan mafi tsawo da aka yi wa shaida, wato zagaye duniya ba tsayawa da Bertrand Piccard da Brian Jones suka yi a Maris na 1999, daga tsaunukan Siwizalan zuwa hamadar Masar cikin kwana kusan 20, da balan-balan da kamfanin Cameron na Bristol ya ɗinka, masana yanayi biyu ne a ƙasa, Luc Trullemans da Pierre Eckert, suka riƙa gaya musu tsayin da za su kama domin su sami iskar da suke buƙata. Wanda ya fahimci haka ba zai ƙara kallon yanayi a matsayin baƙon da ya zo ɓata biki ba.

Ga ƙorafin farko, kuma shi ne ya fi yawa: sama garau, rana ta fito, iskar ma da ƙyar take kaɗa ganye, me ya hana tashi? Amsar ita ce abin da ɗan kallo ke ji a fatarsa da abin da balan-balan ke ji ba ɗaya ba ne. Ƙyallen da aka cika ya kai tsayin bene mai hawa shida ko bakwai, faɗin jikinsa ya wuce murabba'in mita 800. Iskar da mutum zai kira sanyin safiya mai daɗi tana iya ɗaukar wannan ƙyalle ta jijjiga kwando, ta ja motar da aka ɗaure shi a jiki, ta lanƙwasa bakinsa zuwa kan harshen wuta. Yawancin matuƙa ba sa son tashi idan iskar ƙasa ta wuce kilomita 15 zuwa 18 a awa ɗaya, gudun da mai keke ke yi ba tare da ya yi gumi ba. Kuma tashi ba shi ne babbar matsala ba, sauka ce. Balan-balan da gudun iska take sauka. Idan iskar na gudun kilomita 30, da wannan gudun kwando zai daki ƙasa, ya kife, ya ja mutane a cikin gona har sai ƙyallen ya sace. Bayan haka akwai inda iskar ta dosa. A yamma da Bristol akwai faffaɗan bakin kogin Severn da ya haɗe da teku, a kudu maso yamma akwai filin jirgin saman birnin da sararinsa mai tsaro. Iska mai laushi ƙwarai, in ta fuskanci ɗaya daga cikin waɗannan, ta isa ta hana tashi. Rashin iska ɗungum shi ma fitina ce, domin balan-balan ɗari za su tsaya cak a saman gidaje da wayoyin lantarki, gas na ƙarewa, babu filin sauka a ƙarƙashinsu. Ɗan kallo yana duba saman kansa ne, shi kuwa matuƙi yana tunanin wata gona mai nisan kilomita goma da zai isa bayan awa ɗaya.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma ya cancanci a tsaya masa. In dai zafi yana rage ƙarfin ɗagawa, in kuma lokacin zafi ne ya fi kawo hadari da tsawa a Turai, me ya sa ake sa bukukuwan nan a Yuli da Agusta, a Bristol, da Igualada ta Sifen, da Saint-Jean-sur-Richelieu ta Kanada? Ashe ba don kuɗin 'yan hutu ba ne kawai? Akwai gaskiya a ciki, ba sai an ɓoye ba. Makarantu na hutu, mutane na da lokaci, masu talla da masu sayar da abinci na son taro, kuma biki ba ya tsayawa sai da su. Amma lokacin zafi yana da nasa amfanin ga matuƙi. A Ingila watanni ne da guguwar tekun Atilantika ke raguwa, ake samun kwanaki a jere na kwanciyar iska. Ƙasa ta bushe, motar da ke bin balan-balan don ɗauko ta za ta iya shiga gona ba ta kafe ba. A watan Agusta an fara girbin alkama da sha'ir, ga filaye a share na sauka ba tare da an ɓata wa manomi amfani ba, abin da ba ƙarami ba ne ga sana'ar da kullum take sauka a gonar wani ba tare da sallama ba. Gas ɗin murhu ma ya fi ƙarfin fita idan tukunya ba ta yi sanyi ba. Abin da lokacin zafi ya karɓe shi ne tsakiyar rana, kuma a nan ne sirrin ƙarfe shida da ƙarfe shida yake.

Da dare ƙasa kan huce, ta sanyaya iskar da ke kwance a kanta. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta zauna a ƙasa ba ta motsi, ta raba filin da iska mai gudu da ke sama. Da asuba ke nan gari kan yi tsit. Rana na fitowa sai ta fara gasa ƙasa, kuma ba daidai take gasa ta ba: kwalta da rufin gida da gonar da aka girbe sun fi daji da tafki saurin ɗaukar zafi. Daga wuraren da suka fi zafi sai iska ta riƙa tashi sama a ginshiƙi-ginshiƙi, tana hawa mitoci da dama a daƙiƙa guda, a gefensu kuma wata na saukowa. Wanda ya taɓa ganin shirwa ko ungulu na shawagi da hantsi suna hawa ba sa kaɗa fiffike, wannan iskar ce ya gani. Ga tsuntsu alheri ce, ga balan-balan kuwa haɗari ce babba. Idan ta faɗa cikin ginshiƙin sai ta hau ko matuƙi bai so ba. Ya daina hura wuta, ƙyallen ya huce, ginshiƙin ya sake ta, sai ta zubo ƙasa da sanyayyar iska a cikinta, murhu kuma yana buƙatar lokaci kafin ya tsayar da ita. Awa biyu zuwa uku bayan fitowar rana wannan rikici ya kan kankama, ba ya lafawa sai rana ta yi sanyi da yamma. Tashin yamma ya fi na safe yawan sokewa saboda haka, domin wani lokaci zafin yini bai gama sakin iska ba har duhu ya kusa, ga kuma iskar teku da ke shigowa gari da la'asar a birane irin su Bristol.

Ƙorafi na uku na masu imani da na'ura ne. Yanzu akwai tauraron ɗan'adam, akwai na'urar hango ruwan sama, akwai kwamfutoci masu lissafin yanayi, don me ba za a faɗa wa jama'a tun jiya ko za a tashi ba? Hasashen yanayi ya ci gaba ƙwarai, kuma shi ne ya sa ake iya rufe fili tun kafin guguwa ta iso. Sai dai ƙwarewarsa a manyan abubuwa take: inda ruwa zai bi, ƙarfin iska a faɗin yanki. Abin da matuƙi ke buƙata ƙarami ne ƙwarai, wato halin iska a 'yan mitocin farko daga ƙasa, a wani kwari guda, tsakanin shida da bakwai da rabi. Bambancin kilomita biyar a gudun iska ba komai ba ne ga mai hasashe, amma shi ne tsakanin a tashi da a fasa. Shi ya sa ake tara matuƙa a fili jim kaɗan kafin lokaci a karanta musu rahoton ƙarshe, sannan a yanke hukunci, kuma ko an ba da izini kowane matuƙi na da 'yancin ya ce shi ba zai tashi ba. Hadari kuwa ya fi komai wuyar sha'ani. Mutanen ƙasar Hausa sun san iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa a farkon damina, wadda ke kwashe rufin kwano tun hadarin yana can nesa. Irinta ce ke fita daga ƙarƙashin kowane girgijen tsawa, ta yi tafiyar kilomitoci masu yawa a kan ƙasa, ta iske wurin da rana ke haskawa. Jirgin sama zai iya kauce mata ko ya tsere. Balan-balan ba ta da wannan zaɓi. Ruwan sama ma shi kaɗai, ko ba tsawa, yana jiƙa ƙyallen ya ƙara masa nauyi ya kuma sanyaya shi.

Abin da ke faruwa idan aka yi ganganci ba zato ba ne, an gani. Ranar 23 ga Agusta 2012, kusa da Ljubljana babban birnin Sulobeniya, wata babbar balan-balan ɗauke da mutum 32 ta gamu da hadari da safe, matuƙin ya nemi saukar gaggawa, ta daki ƙasa da itatuwa ta kama wuta, mutum shida suka rasu. Ranar 30 ga Yuli 2016, kusa da Lockhart a jihar Texas, wani matuƙin haya ya tashi da fasinjoji duk da rahoton hazo da gajimare na ƙasa-ƙasa. Ya hau saman gajimaren, da ya zo saukowa bai ga manyan wayoyin lantarki ba sai da ya shiga cikinsu. Duka mutum 16 da ke kwandon suka mutu, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora alhakin a kan jerin munanan shawarwarin matuƙin, ta kuma ambaci rashin lafiyarsa da magungunan da yake sha. Gaskiya ne ba kowane haɗari ne na yanayi ba. Wanda ya kashe mutum 19 a Luxor ta Masar a Fabrairun 2013 gobarar gas ce. Amma akwai bambanci. Bututun gas ana iya duba shi a gyara tun a ƙasa. Yanayi ba a gyara shi, magani ɗaya ne, kada a tashi. Haɗurran Ljubljana da Lockhart kuma na masu ɗaukar fasinja don kuɗi ne, inda fasa tashi ke nufin mayar da kuɗi ko sake rana. A nan ne nake ganin hatsarin ƙorafin 'yan kallo. Taron dubban mutane da suka yi sammako, da kamfanin da ya biya aka rubuta sunansa a ƙyalle, da 'yan jarida da kyamarorinsu, duk nauyi ne a wuyan wanda zai yanke hukunci, kuma duk suna tura shi gefe guda.

Wasu kan ba da shawarar a rage dogaro da tashi, a mayar da hankali kan wasan dare, inda ake ɗaure balan-balan a ƙasa a riƙa hura wuta suna haskawa tare da kiɗa, ko a riƙa ɗaga su da igiya 'yan mitoci. Bristol na yin wasan daren, kuma yana jan jama'a sosai. Sai dai ɗaurarriyar balan-balan ta fi sakakkiya shan wahalar iska, domin sakakkiya tana tafiya tare da iskar, mutanen cikinta ba sa ma jin kaɗawarta, ita kuwa ɗaurarriya kokawa take da ita. Idan iska ta yi yawa, ƙyallen ba ya tsayuwa, sai dai a jera kwanduna a riƙa hura wutar tsirara. Ba a tsere wa hukuncin iska ta wannan hanya ba, an dai rage asarar masu sayar da abinci.

Tun ranar 21 ga Nuwamba 1783, da Pilâtre de Rozier da d'Arlandes suka tashi a Paris cikin balan-balan ta 'yan'uwan Montgolfier suka yi kusan minti 25 a sama, an canza kusan komai. Wutar bambaro ta zama murhun gas tun bayan tashin Ed Yost a Nebraska a 1960, takarda da zane sun zama nailan, matuƙi na riƙe da rediyo da taswirar tauraron ɗan'adam. Abu ɗaya da ba a ƙara ba shi ne hanyar tafiya inda iska ba ta nufa ba, kuma duk wanda ya ƙara wannan ya ƙera wani abin hawa ne dabam. Don haka alhakin da ke kan masu shirya biki shi ne su faɗa wa jama'a gaskiya tun a talla, su bayyana dalilin kowace sokewa da lambobi, kuma kada su bar mai kuɗi ya shiga ɗakin da ake yanke hukunci. Mai karatu da ke da niyyar halartar irin wannan biki kuwa, ya ware kwana biyu ko uku maimakon ɗaya, ya fi ba tashin asuba muhimmanci a kan na yamma, ya kuma duba gudun iska da inda ta fuskanta a hasashen gobe kafin ya duba ko za a yi rana.